Ku Tambayi Kawu: Yawo a Bakin Tafkin Birni Lokacin Kaka

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na zo Landan aiki a watan Agusta. Ɗakin da na kama yana bakin titi a wajen Tottenham Hale, motoci ba dare ba rana, a asibiti kuma ga ƙararrawa ga kiran marasa lafiya. Wallahi kaina ya ɗau zafi. Duk sanda na hau jirgi ina hango wasu manyan tafkuna a jere, an kewaye su da shinge, itatuwan wurin sun fara yin ja da rawaya. Shin ana barin mutane su shiga? Mace ita kaɗai za ta iya zuwa? Kuma me zan tanada, tunda ban taɓa yin kaka a ƙasar nan ba? Daga 'yarka a arewacin Landan.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da ladan jinya. Ana shiga, kuma ba a biyan ko sisi a ƙofa. Wurin da kike hangowa sunansa Walthamstow Wetlands, tafkuna ne guda 10 a fili mai faɗin hekta 211, kuma tun watan Oktoba na 2017 aka buɗe shi ga kowa da kowa. Babbar ƙofar tana kan titin Forest Road, tsakanin tashar Tottenham Hale da ta Blackhorse Road. Daga kowace kika fito, tafiyar kamar minti goma ce a ƙafa. Kin ga ashe maganin ciwon kan naki yana maƙwabtaka da ke.

Kafin ki je ina so ki san ko wane irin wuri ne, domin sanin haka zai sa dokokinsa ba za su ba ki haushi ba. Ba lambun shaƙatawa aka gina ba. Randar gari ce. Kamfanin ruwa na Thames Water ne ke da wurin, kuma har yau daga nan ake ɗebo ruwan da mutum wajen miliyan 3 da rabi ke sha, bayan an tace shi a matatar Coppermills da ke gefen kudu. Ƙungiyar London Wildlife Trust kuma ita ke kula da tsuntsaye da masu ziyara. An fara haƙa tafkunan ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, zamanin da kwalara ke yi wa Landan ɗauki ɗai-ɗai, aka ci gaba har farkon ƙarni na 20. Ke da kike aikin lafiya ƙila kin karanta labarin likita John Snow, wanda a 1854 ya nuna cewa ruwan wani famfo a unguwar Soho ne ke yaɗa cutar. A 1866 annobar ta sake ɓarkewa a gabashin birnin, aka bi sawunta har zuwa ruwan da ba a tace ba na yankin Old Ford, can ƙasa a kan kogin Lea, wanda ke wucewa ta gefen tafkunan nan. Tun daga irin waɗannan shekaru hukumomi ba sa wasa da wurin ajiyar ruwa. Suka kafa shinge, suka hana gini, suka hana shiga sai ga ma'aikata da 'yan tsirarun masu takardar izini. Birni ya yi ta faɗaɗa ya zagaye wurin, amma bai samu ya haɗiye shi ba. Shirun da kike nema, wannan shingen ne ya tsare miki shi sama da shekara ɗari.

Shi ya sa ba a shiga da kare, ban da wanda ke yi wa mai lalura jagora. Ba a iyo, ba a hura wuta, masu keke da masu gudu kuma an ware musu hanyarsu. Na sha jin mutane suna ƙorafin cewa dokokin sun yi yawa. Ni ban ga yawansu ba. A cire su na wata ɗaya kawai a ga ko zalɓe ɗaya zai rage a tsibiran nan.

Idan kin shiga ta babbar ƙofar, wadda ke gefen kudu na titin, abin da za ki fara cin karo da shi tsohon ginin jan bulo ne mai dogon bututun hayaƙi, wanda ake kira Engine House, ginin 1894. A da injunan tura ruwa ne a ciki, yanzu akwai wurin zama, da banɗaki, da taswirar wurin. Ki fara daga nan, ki bi turbar da ta ratsa tsakanin ƙananan tafkuna masu lamba 1, 2 da 3. A ganina nan ne zuciyar wurin a wannan lokaci na shekara. Itatuwa sun sunkuyo kan ruwa ta kowane ɓangare, ganye na zuba a hankali, kuma da yake turbar a ƙasa take, tudun ƙasar da aka tare ruwa da shi yana tare miki ƙarar motoci. Ba wai za ki daina jin birni ɗungurungum ba, jirgin ƙasa na ratsa wurin jifa-jifa, amma za ki ji kamar an rufe wata ƙofa a bayanki. Wannan turba za ta kai ki har wani tsohon gini mai hasumiya, Coppermill Tower, inda ake hawa a hangi wurin daga sama.

Ranar da kika ji ƙarfi a jikinki, ki tsallaka titi zuwa ɓangaren arewa ki hau tudun Lockwood, wanda ya fi duka girma. Can babu inuwa, babu abin tare iska, sai ruwa shimfiɗe a gefe guda da dogayen benayen tsakiyar Landan can nesa a ɗaya gefen. Yana da kyau ƙwarai, sai dai ranar iska kunnuwanki za su gaya miki. Ni na fi son ƙananan tafkunan, amma na san masu cewa in ba su hau Lockwood ba kamar ba su zo ba.

Ki riƙa tsayawa kina duban ruwan. Kaka lokacin baƙi ne a tafki: agwagin daji na saukowa daga arewaci da gabashin Turai, inda ruwa ke daskarewa, su zo su yi hunturu a nan. Za ki ga mai jan kai da tokar jiki, da mai faffaɗan baki da ke zagaye yana tace ruwa, da ɗan baƙi mai tukku da ke nutsewa ya ɓulla can gaba. A kan tsibirai akwai wasu baƙaƙen tsuntsaye masu cin kifi da ke tsayawa su baje fukafukai suna shanya su, har kashinsu ya farar da rassan da suke kwana a kai. Zalɓe kuwa yana nan a bakin ruwa, tsaye ƙyam, ko gezau. Akwai wani dattijo mai kamun kifi da nake yawan tararwa a gefen tafki na 2, zaune kan 'yar kujerarsa, ba ya cewa uffan sai ɗaga hannu. Wata safiya ya yi min nuni da haɓa zuwa wani reshe, na duba sai ga ɗan tsuntsu shuɗi shar mai jan ƙirji, kafin in ƙifta ido ya faɗa ruwa ya fito da ɗan kifi a baki. Da ina sauri da ban gan shi ba.

Maganar zuwa ke kaɗai, amsata ita ce ki je, amma da rana. Wurin ana buɗe shi da hantsi a rufe da la'asar, kuma lokacin rufewar yana matsowa idan sanyi ya shigo, don haka ki karanta allon da ke ƙofa kafin ki yi nisa. Akwai ma'aikata da 'yan sa-kai da ke zagayawa, ga masu kamun kifi, ga masu kallon tsuntsaye da madubin hangen nesa rataye a wuya. Ranakun aiki da safe sun fi shiru, Asabar da Lahadi sun fi jama'a. A karon farko ki zaɓi ranar jama'a har ki san hanyoyin. Ki gaya wa wata abokiyar aikinki inda za ki, wayarki ta kasance da caji, kuma kada ki toshe kunnuwanki biyu da abin sauraro. Ai ma shirun kika zo nema.

Abin da ya fi yaudarar baƙo a ƙasar nan shi ne rana. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya a Birtaniya, washegari sai ki ga magariba ta yi tun kafin biyar. Zuwa ƙarshen Nuwamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Idan kin tashi daga aikin dare kin kwanta, kina farkawa kin tarar an kusa rufe ƙofa. Gara ki daure ki yi zagayen awa guda da safe kafin ki kwanta, ko ki bari sai ranar hutunki.

Tufafi kuma, sirara uku a jere sun fi mai kauri ɗaya, domin bayan tafiyar minti ashirin zufa za ta karyo miki ki so rage wani abu. Ta ciki kada ta zama ta auduga zalla, tana riƙe zufa ta sanyaya miki jiki da zarar kin tsaya. Ta waje ta zama rigar ruwa mai hula. Laima ba ta da amfani a kan tudu, iska za ta juye miki ita. Takalmi mai ƙwarin ƙasa, domin jiƙaƙƙen ganye a kan siminti yana da santsi fiye da yadda ido ke nunawa. Idan doguwar riga kike sawa, ki zaɓi wadda ba ta jan ƙasa, raɓar ciyawa ba ta bushewa da wuri a watannin nan.

Tunda ke ma'aikaciyar lafiya ce, ga abu biyu da za su yi miki daɗin ji. A 2019 masu bincike na Jami'ar Exeter sun duba bayanan mutum kusan 20,000 a Ingila, suka ga waɗanda ke samun minti 120 a mako a irin waɗannan wurare sun fi bayar da rahoton jin lafiya da kwanciyar hankali, ko a zama ɗaya suka yi ko a rarrabe. Na biyun kuma gargaɗi ne: kada ki ɗauka wannan yawon zai ba ki sinadarin bitamin D. Ranar ƙasar nan daga Oktoba zuwa Maris ba ta da ƙarfin da fata za ta sarrafa shi, shi ya sa hukumar lafiya ke ba da shawarar shan maikirogiram 10 a kullum a lokacin, masu baƙar fata irinmu kuma duk shekara.

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Ina da yara uku, ina kai su wani tafkin ajiyar ruwa da ke bayan garinmu duk ƙarshen mako. Babban, mai shekara 12, ya iya iyo sosai a wurin koyon iyo, ya dame ni in bar shi ya shiga tunda ruwan a kwance yake. Ƙaramar kuma ta tambaye ni me ke sa ganye canja launi, na rasa ta cewa. A taimaka min kada girmana ya zube. Daga wani magidanci a Ingila.

Amsa: Malam, bari in fara da babban, domin tasa maganar ta rai ce. Kada ka bar shi, ko da gwiwa ce zai tsoma. Ruwan madatsa lumbu-lumbu ne, wutar ƙaiƙayi. Gefensa a gangare yake, yawanci siminti ne ko dutse da gansakuka ta lulluɓe, wanda ya zame ciki ba ya samun abin kamawa ya fito. A ƙasa akwai bututu da injuna masu jan ruwa ba tare da an ga alama a sama ba. Amma babban makashin shi ne sanyi. Ruwan da ya gaza digiri 15, da zarar jiki ya faɗa cikinsa numfashi ke ƙwacewa, mutum ya ja iska da ƙarfi ba da sonsa ba, zuciya ta hau bugu. Idan kansa na cikin ruwa a wannan daƙiƙar, ruwa ya shaƙa. Gwanintar iyo ba ta hana wannan, kuma ruwan da ɗanka ya saba da shi ɗumama shi ake yi.

Ka koya wa dukansu abin da masu ceto a ƙasar suke koyarwa: wanda ya faɗa ruwan sanyi kada ya fara kokawar iyo. Ya kwanta rigingine, ya baje hannuwa da ƙafafu, kunnuwa cikin ruwa, fuska sama, har numfashinsa ya daidaita, abin da kan ɗauki minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Sannan ya yi ihu ko ya nufi gaɓa. Wanda ke waje kuma kada ya bi shi ciki, ya kira 999 ya nemi 'yan kwana-kwana, ya jefa masa igiya ko wani abu mai tasowa. Ka nuna musu inda aka rataye zoben ceto a bakin tafkin naku tun ranar da ba a buƙatarsa.

Yanzu ga abin da za ka gaya wa 'yar auta. Koren da ke cikin ganye wani sinadari ne da itace ke kama hasken rana da shi ya haɗa abincinsa. Idan yini ya fara gajarta, itacen ya san sanyi na tafe, sai ya rushe wannan sinadarin ya janye abin amfanin da ke cikinsa zuwa rassa da saiwa, ya adana don baɗi. Rawayan da ke bayyana dama can yana cikin ganyen, koren ne ya danne shi. Jan kuwa sabo ne, a lokacin ake yinsa daga sukarin da ya rage a ganyen, shi ya sa shekarar da aka samu rana mai haske da dare mai sanyi ja ya fi fitowa, shekarar hadari da ruwan sama kuma sai launin ya dusashe. A ƙarshe itacen ya toshe wurin da ganyen ke manne da reshe, iska ta zo ta ƙarasa aikin. Ka sa ta tsinto ganye daga itatuwa daban-daban ta jera su, ta ga wanda ke yin rawaya zalla da wanda ke yin ja. In kun dawo gida ka duba bayan gwiwoyinsu da ƙugunsu da bayan kunne, domin kaska na nan a doguwar ciyawa har cikin kaka, kuma wasu na ɗauke da cutar Lyme. In ka ga ɗaya, ka kama ta da ɗan matsefi daf da fata ka ja a hankali, kada ka murɗa ko ka ƙona ta.

Tambaya: Kawu, mu da ke New York fa? Ko akwai irin wannan wuri kusa? Daga ɗanka direban tasi a Bronx.

Amsa: Akwai, ɗana, kuma ƙila kana wuce shi da fasinja kullum. A tsakiyar Central Park, tsakanin titi na 86 da na 96, akwai babban tafki da aka gama a 1862. Ya shayar da birnin har 1993, sannan a 1994 aka sa masa sunan Jacqueline Kennedy Onassis. Zagayensa kilomita 2 da rabi ne, kuma kowa hanya ɗaya yake bi, ruwa na hannun hagunka. In ka juya akasin haka za ka sha harara daga masu gudu. Ganye kan kai ƙarshen kyansa a can daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Ka dai kauce wa Lahadin farko ta Nuwamba, ranar gudun fanfalaki na birnin ce kuma a wannan lambu ake ƙarewa, ranar ce kuma kuke mayar da agogo baya.

Gaskiyar magana, wannan tafkin kyau gare shi amma ba shi da shiru. In shiru kake so, ka ajiye motar ka hau jirgin Metro-North na layin Hudson zuwa Croton-Harmon, tafiyar kamar awa guda daga tashar Grand Central. Daga tashar Croton-Harmon akwai 'yar tazara zuwa madatsar New Croton, katafaren ginin dutse da aka gama a 1906, ana tafiya a kansa ana jin rugugin ruwa na gangarowa ta gefe. Daga nan wata turba ta miƙe kudu wajen kilomita 42, tana bin saman tsohuwar hanyar ruwan da ta fara shayar da New York a 1842. Ba sai ka gama ta ba. Ga mai wuni a zaune bayan sitiyari, awa biyu a kanta sun isa su warware maka baya.

Tambaya: Kawu, tafkin da nake zagayawa ya ja baya sosai, gaɓarsa ta bushe har ta tsattsage, ruwan kuma ya yi kore-kore yana ɗan wari. Zan iya sauka in yanke hanya ta kan busasshen wurin? Daga wata mai karatu.

Amsa: A'a, 'yar'uwa, kada ki sauka. Ƙarshen lokacin zafi ne ruwan madatsa ya fi yin ƙasa, domin an sha an kuma yi ban-ruwa, sai ruwan kaka da na hunturu sun sake cika shi. Abin da kike gani busasshe ɓawo ne kawai, ƙarƙashinsa taɓo ne na shekara da shekaru da kan riƙe mutum har cinya, kuma yawan mutsu-mutsu ƙara nutsar da shi yake yi. Koren nan kuwa, ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa wata irin gansakuka ce mai yaɗuwa a ruwa mai ɗumi daga ƙarshen zafi zuwa farkon kaka, wani nau'inta na da dafin da ke sa ƙaiƙayin fata da ciwon ciki, yana kuma kashe dabbar da ta sha. Warin ma yana iya zuwa daga wani dalilin: idan saman ruwa ya huce ya yi nauyi, sai ya nutse, na ƙasa da ya daɗe babu iska ya taso da ɗoyinsa, kuma wannan kan wuce cikin 'yan kwanaki. Kada ki taɓa ruwan, ki riƙe yara nesa da shi, in babu allon gargaɗi a wurin ki sanar da masu kula da tafkin ta lambar da ke rubuce a ƙofa. Hanyar da kike son yankewa kuma, ki zagaya ta sama.